Ta yaya majalisun gunduma suke aiki a tsibirin Mauritius?

Wani dan uwa ne ya turo tambaya kamar haka: "Malam, na ga ana cewa kasar Mauritius tana da majalisun gunduma irin kananan hukumominmu. Kasar da aka ce mota tana ratsa ta cikin awa biyu, me za ta yi da su? Wa ke zabensu, ina suke samun kudi, kuma suna da iko kuwa ko suna ne kawai?"

To dan uwa, aiki kam suna da shi kuma suna yi, amma iko kadan ne. Daga kauye ake turo mutanen da ke zama a majalisar, kudi da ma'aikata kuma daga babban birni suke zuwa, don haka akalar tana hannun ministan kananan hukumomi. In ka rike wannan sauran bayanin zai zo maka da sauki.

Kasar dai gaba dayanta murabba'in kilomita 2,040 ce ko kusa da haka, jihar Kano ta ninka ta wajen sau goma, mutanenta kuma miliyan 1.2 da 'yan kai. Babban tsibirin tsawonsa kamar kilomita 65, fadinsa kamar 45, yana cikin tekun Indiya gabas da Madagaska. Babu jihohi, babu gwamnoni, daga gwamnatin tsakiya a Port Louis, babban birnin kasar, sai kananan hukumomi kai tsaye. A taswira gundumomi 9 ne tun zamanin mulkin mallaka, amma ba duka ke da majalisar gunduma ba, domin Port Louis da Plaines Wilhems birane ne, majalisun birni ke rike da su. Dokar kananan hukumomi ta 2011 ita ce ta shimfida tsarin da ake kai yanzu: majalisun birni 5, wato Port Louis, Beau Bassin-Rose Hill, Quatre Bornes, Vacoas-Phoenix da Curepipe, sai majalisun gunduma 7, wato Pamplemousses, Riviere du Rempart, Moka, Flacq, Grand Port, Savanne da Black River, sannan majalisun kauye 130 a karkashin gundumomin nan bakwai. Kafin dokar majalisun gunduma 4 ne kacal saboda an hada shida bibbiyu, Moka da Flacq majalisa daya, Grand Port da Savanne daya, Pamplemousses da Riviere du Rempart daya, Black River ita kadai. Bayan zaben Disambar 2012 aka raba su kowa ya kama gabansa.

Kuma ka cire sarauta daga lissafi gaba daya. Babu hakimi babu dagaci babu mai unguwa. Tsibirin ba kowa a cikinsa kafin Turawa su zo, 'yan Holan suka fara zama suka tashi, Faransa ta karba a 1715, Ingila ta kwace a 1810, aka kawo bayi daga Afirka da Madagaska, bayan an soke bauta a 1835 aka yi ta kwararo leburorin kwantiragi daga Indiya don noman rake, har kasar ta samu 'yanci a 1968. To kaga duk abin da ake kira shugabancin kauye a can na zabe ne, ba wanda ya gaji kujerar ubansa.

Yanzu zabe, inda nake ganin tsarin ya fi bambanta da abin da ka saba. Talakan Mauritius da ke zaune a kauye ba ya zaben ciyaman na gunduma, ba ya ma zaben kansilan gunduma. Abin da yake zabe shi ne majalisar kauyensu, mutum 9, duk bayan shekara 6. Wadannan taran su ne za su zauna su yi kuri'ar sirri su fitar da wakili daga cikinsu ya tafi majalisar gunduma, kananan kauyuka wakili daya, manyan kuma biyu. Wakilan da suka hadu su ne majalisar gunduma, su kuma su zabi ciyaman da mataimaki daga cikinsu na shekara 2. Grand Port tana da kauyuka 24, Flacq 23, Black River 13, saboda haka majalisa ba ta wuce mutum goma sha wani abu zuwa ashirin da wani abu.

Yi lissafin da kanka ka gani. A majalisar kauye mai mutum tara, duk kungiyar da ta samu biyar ita ke da kauyen, kenan mutum biyar ne ke yanke wanda zai wakilci gari guda, kuma kar kalmar kauye ta rude ka, Triolet da Goodlands kowanne mutanensa sun kai dubu 20, a takarda dai kauyuka ne. A majalisar gunduma kuma in mutum 22 ne, duk wanda ya hada 12 ya zama ciyaman. Shi ya sa makonnin da ke biyo bayan zaben kauye sun fi ranar zaben kanta zafi, ana ta waya ana ziyarar dare ana alkawari, ka ba ni kuri'arka in sa ka a kwamitin zartarwa, ni in yi shekara biyun farko kai ka yi na biyu, wane ya yi na karshe tunda wa'adin shekara shida kujerar ciyaman sau uku ake zabenta. In yarjejeniya ta watse kuma sai ka ji an kawo kudurin yanke kauna a tsige mutum. Ni a ganina wannan shi ne babban raunin tsarin, ciyaman bai ci bashin talaka ba, bashin kansiloli goma sha biyu ya ci, su yake lallaba.

Amma ba zan ce tsarin bai da amfani ba. Kowane kauye yana da kujera a majalisa komai kankantarsa, babu yadda garin da ya fi yawan kuri'a zai kwashe komai, kuma kamfe bai cin kudin da zai ci da a ce gunduma guda mutum zai zagaye.

Manyan jam'iyyun kasar, Labour da MSM da MMM da PMSD, a zaben birni suna shiga da sunansu da tutarsu, amma a zaben kauye al'ada ita ce ba sa fitowa fili. Kungiyoyin gari ake kafawa, a rada musu suna da harshen Kiriyol ko Faransanci, a yi rajista da hukumar zabe, a fitar da 'yan takara tara. Sai dai duk dan gari ya san wace kungiya minista ke goya wa baya, wacce kuma ta 'yan adawa ce, kuma da an gama kirga kuri'a gwamnati da adawa kowa zai fito ya ce mutanensa ne suka ci mafi yawan kauyuka. Haka nan mai hada jerin 'yan takara dole ya duba jama'ar garin, mabiya Hindu su ne kusan rabin kasar, sai Kiristoci, Musulmi kuma kamar kashi 17 cikin 100, in ka fitar da mutum tara duk daga bangare daya a garin da ke gauraye ka fadi tun kafin a bude akwati. Wani abu kuma, kungiya tana iya mika jerin 'yan ko-ta-kwana tun lokacin takara, in kansila ya rasu ko ya sauka sai a dauko daga jerin a cike gurbi ba sai an sake zabe ba.

Batun mata ma dokar 2011 ta taba shi, kuma da wayo aka rubuta ta. Ba a ce a ware wa mata kujeru ba, cewa aka yi kada fiye da kashi biyu cikin uku na 'yan takarar kungiya su zama jinsi daya, sai da aka yi wa tsarin mulki kwaskwarima ma kafin dokar ta zauna. A jerin mutum tara kenan akalla uku mata. Sakamakon ya fito nan take, mata kansiloli sun tashi daga kamar kashi 6 cikin 100 zuwa kamar 26 a zaben 2012. Amma sharadin a kan takara yake ba a kan kujera ba, kuma da an zo zaben wakilin da zai tafi gunduma, nan maza suke sake mamaye wurin.

Sai aikin da suke yi. Kwashe shara shi ne gaba da komai, motar majalisa tana bin layi-layi a ranakun da aka tsara, wasu wuraren kuma dan kwangila aka ba. Sai kananan titunan cikin gari da kwatoci, fitilun kan titi, kasuwanni da kasuwar mako irin ta Flacq da ta Mahebourg da rabon rumfuna da karbar kudin haya, makabartu da wuraren kona gawa na mabiya Hindu, filayen kwallo, dakunan taron kauye, dakin karatu, wasu makarantun rainon yara, rumfunan jiran bas, da duba-gari masu zagaya kasuwa da shaguna. A sakatariya za ka tarar da sassan mulki, kudi, tsara filaye, ayyuka, lafiyar jama'a da walwala, shikenan.

Abin da ba ya hannunsu ya fi yawa. Makarantar firamare ba tasu ba ce, asibiti da shan magani ba nasu ba ne, 'yan sanda na kasa ne, ruwan famfo yana da hukumarsa ta kasa, lantarki haka, manyan hanyoyi na hukumar hanyoyi ne, bakin tekun da jama'a ke zuwa shakatawa ma akwai hukumar da ke kula da shi daban. Ita sharar ma majalisa kwasowa kawai take ta kai tashar tarawa, daga nan gwamnatin tsakiya ke daukar ta zuwa Mare Chicose a Grand Port, babbar bolar binne shara ta tsibirin tun 1997. Wanda ya san yadda albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya ke cinye kason karamar hukuma a Najeriya zai gane cewa an sauke wa majalisar Mauritius kaya mai nauyi, kuma ina ganin wannan na daga cikin dalilan da suka sa dan abin da aka bar mata take iya yinsa.

Inda ake samun rudani shi ne magudanan ruwa. Tsibiri ne mai guguwa da ruwan sama kamar da bakin kwarya, ambaliyar 30 ga Maris 2013 ta kashe mutum 11 a Port Louis cikin 'yan awoyi, guguwar Belal ta Janairun 2024 ta sake tafiya da motoci a titunan birnin. To kwata daya sai ka ga farkonta na majalisar gunduma ne, inda ta ratsa babban titi na hukumar hanyoyi, wani bangaren sashen raya kasa na gwamnatin tsakiya da ake kira NDU ne ya gina, ga kuma hukumar magudanan ruwa da aka kafa da dokar 2017 don ta hada kan kowa. In ruwa ya shiga gidan mutum kansila zai fara kira saboda shi ne makwabcinsa, kansilan kuma sau da yawa abin da zai iya bai wuce rubuta takarda ba. Ita NDU din nan ma kishiya ce ga majalisa, irin ayyukan da majalisa ke yi take yi, titin unguwa da kwalbati da filin wasa, amma da kudin da ya fi na majalisa kuma ta hannun 'yan majalisar dokoki na mazabar, su ne ke yanka kyalle ranar budewa.

Ikon gaske guda daya da ke hannun majalisar gunduma shi ne takardar izinin gini da amfani da fili. Ba ka dora bulo, ba ka kara hawa, ba ka mayar da gida shago sai da ita. Akwai kwamiti na musamman da ke duba takardun, injiniya da jami'in tsara filaye da na lafiya kowa ya sa baki, doka ta ba su kwana 14 na aiki in takardu sun cika, yanzu ma ta intanet ake nema, wanda aka hana kuma yana iya daukaka kara gaban kotun musamman ta muhalli da filaye. A kasar da fili ya yi karanci, gonakin rake suna komawa rukunin gidaje, wurare irin Grand Baie a Riviere du Rempart da Flic en Flac da Tamarin a Black River otal-otal da gidajen baki masu kudi sun cika su, kaga wannan sa hannun ba karamin abu ba ne, kuma nan ne aka fi jin korafin son kai da zargin na-goro. Sai dai ko nan din an yi mata iyaka, babban aiki sai ya samu lasisin muhalli daga ma'aikatar muhalli, yanka gona zuwa filoti yana da kwamitinsa a gwamnatin tsakiya, manyan masu zuba jari kuma ta hukumar bunkasa tattalin arziki suke shigowa, kafin takarda ta iso teburin gunduma an riga an gama magana a sama.

Kudi kuma, mafi yawansa tallafi ne da gwamnatin tsakiya ke sakawa a kasafinta duk shekara, shekarar kudinsu daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Yuni. Abin da majalisa ke samu da kanta bai taka kara ya karya ba, kudin lasisin sana'a, hayar rumfar kasuwa, kudin izinin gini, kudin allon talla, kudin kwashe sharar 'yan kasuwa. Harajin gida a da mazauna birni ne ke biya, mutanen gunduma ba sa biya, an dade ana gardama a kai cewa mai katon gida a bakin teku ba ya biyan ko rupi daya saboda a takarda kauye yake, dan karamin ma'aikaci a Rose Hill kuma yana biya. A 2022 gwamnati ta warware gardamar ta hanyar da ta fi dadi ga mai neman kuri'a, ta soke harajin a kan gidan da iyali ke zaune a birane ma. Jama'a sun ji dadi, amma majalisun birni su ma sun koma jiran tallafi kamar na gunduma. Kasafin da majalisa ta tsara sai minista ya amince, albashi da fansho ke daukar kaso mafi tsoka, babban oditan kasa kuma yana bin littattafansu duk shekara. Majalisar kauye ita ce can kasa, dan abin da za ta kashe a bikin tsofaffi ko gasar kwallo ko ajin dinki ta hannun gunduma yake biyowa, jami'in gunduma ne ma ke rike mata takardu, mutum daya ya hada kauyuka da dama.

Ma'aikata ma ba na ciyaman ba ne. Akwai hukumar ma'aikatan kananan hukumomi ta kasa, ita ke dauka ita ke karin girma ita ke ladabtarwa, daga mai shara har zuwa babban jami'in gudanarwa na majalisa, wanda shi ne ke rike da sakatariya, kuma ana iya dauke shi daga Savanne a kai shi Moka ba tare da an tambayi kansila ko daya ba. Albashi ma'auni daya ne a duk kasar. Ciyaman ba zai iya cusa yaransa a takardar albashi ba, wannan alheri ne babba, amma kar ka dauka siyasa ta fita daga daukar aiki, sama kawai ta koma. Bayan zaben Nuwamban 2024 da kawancen Navin Ramgoolam ya kayar da gwamnatin Pravind Jugnauth da kujeru 60 cikin 62, sabuwar gwamnati ta sallami ma'aikatan kananan hukumomi sama da dubu da aka dauka a karshen mulkin da ya wuce, ta ce ba a bi ka'ida ba.

Akwai kuma dage zabe, wanda na san zai yi maka kama da abin da ka sani. Tsarin mulkin Mauritius bai daure gwamnati da ranar zaben kananan hukumomi ba, doka ce ta majalisar dokoki, mai rinjaye yana iya gyara ta. Zaben kauye na 2012 ya kamata a sake shi a 2018, aka tura shi sai 22 ga Nuwamba 2020. Na birane ya fi muni, an yi a Yunin 2015, wa'adi ya kare a 2021, aka ce korona, aka sake dagawa aka kuma dagawa, ba a yi ba sai 4 ga Mayu 2025, shekara goma kenan. Bambancin da Najeriya shi ne ba kantoma ake nadawa ba, kansilolin da ke kai ake kara wa wa'adi. Najeriya kuwa sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ya rubuta zababbun kananan hukumomi baro-baro amma gwamnoni suka yi shekaru suna nada kwamitin riko, har sai da kotun koli ta yi hukunci a Yulin 2024. Abin da ya ba ni sha'awa a can shi ne fitowar masu zabe, a zaben kauye na 2020 fiye da rabi sun fito, a na birane na 2025 kuwa da kyar aka haura kashi daya cikin hudu. Mutumin kauye ya san dan takarar, makwabcinsa ne ko surukinsa.

Ka tambaya me karamar kasa za ta yi da su, su ma 'yan kasar suna wannan gardamar. Babban tsibirin an raba shi mazabu 20, kowace tana da 'yan majalisar dokoki 3, wato mutum 60 a fadin da bai kai karamar jiha ba, ministoci kuma daga cikinsu ake nadawa, saboda haka mai matsala yana iya zuwa ofishin minista a mazabarsa ya fada masa baki da baki, me zai sa ya tsaya wajen kansila. Kusancin nan shi ke danne majalisar gunduma. Dubi Rodrigues ka ga akasin haka, tsibiri ne na kasar mai nisan kilomita kusan 600 a gabas, mutanensa dubu 40 da 'yan kai, bai kai yawan jama'ar ko daya daga cikin gundumomin nan bakwai ba, amma tun 2002 yana da majalisar yanki da jama'a ke zabe kai tsaye, da babban kwamishina da kwamishinoni masu rike da ilimi da lafiya da noma da kamun kifi daga Port Mathurin, babban garin tsibirin, kuma an rubuta ta a cikin tsarin mulki, abin da majalisun gunduma ba su samu ba. Su ma dai mafi yawan kudinsu daga Port Louis yake zuwa.